Ki Raba Su

Mai Ƙanƙara ta yi shekaru masu yawa tana auren mutumin da ba ya magana. Ranar da kuma ya ga dama ya yi maganar, sai ya yi ta yadda ba za a gane ba, ya juya kai ya cika. Halin maza ke nan, ko tafiyar da ba dawowa za su yi, sai sun bar miki aiki a bakin ƙofa.

Sunan nata daga firiza ya fito. Tun tana da ƙarfinta take ɗaura ruwa a leda ta jera, in ya daskare masu sayar da lemo a bakin titi su zo su kwashe. Da ƙanƙarar nan ta sayi labule da kujeru, da ita ta kai 'yarta makaranta, 'ya ɗaya tilo da ake kira Auta alhali ita ce ta farin ma. Mace ce mai baki, wadda in ta fara ba ki labarin ciwon gwiwarta sai kin manta abin da ya kawo ki. Mijinta kuwa gyaran keken ɗinki yake yi, ana ce masa Mai Gyara. Shagonsa bai fi tsawon mutum a kwance ba, cike da kawunan kekuna da ƙafafunsu da warin mai. Tela zai kawo keken da ke tsinke zare, Mai Gyara ya saurari ƙararsa, ya kwance, ya ɗaure, ya miƙa masa, duk bai ce uffan ba. Maƙwabta suna cewa an haɗa su daidai, ita tana maganar mutum biyu, shi yana shirun mutum biyu.

Abu ɗaya ne ke sa shi dariya shi kaɗai: littattafan zane. 'Yan siraran littattafan nan da ake ba da labari da hotuna, gida-gida, magana tana fitowa daga bakin mutum cikin wani abu kamar kumfa. Tun yana saurayi yake tara su, lamba bayan lamba, a harshen da ita ba ta karantawa. Kowanne sai ya saka shi a leda, ledar ƙanƙararta kuwa, wadda yake ɗiba a ɓoye yana zaton ba ta sani ba. Ya cika kwalayen sabulu da su, ya jera a ɗakin da ya kamata a ce na baƙi ne, har baƙo in ya zo sai dai ya kwana a falo. Ita ba ta taɓa buɗe ko ɗaya ba. Mutanen da ke bango kawai ta sani, da sunayen da ta raɗa musu: Mai Haɓa, wani ƙato da haɓarsa ta fi ƙirjinsa fitowa, da abokin gabarsa Baƙar Hula, wanda kullum yake faɗowa daga bene amma bai taɓa mutuwa ba.

Da ciwo ya kwantar da Mai Gyara a asibiti, an sa masa robar iska a hanci, haƙoransa na roba kuma an cire an ajiye a kofi. Wata rana da la'asar, ita da Auta suna zaune, ya kamo bakin zanenta.

"Littattafan nan," ya ce, "ki raba su."

Ta tambaye shi a raba wa wa, ta sake tambaya, ta haɗa da faɗa. Ya lumshe ido kamar yadda ya saba in ta fara, bai kuma sake buɗewa ba.

Bayan an share makoki, mai gidan da suke haya ya ce yana son gidansa zai yi gyara. Auta ta ware wa uwarta ɗaki a gidanta, ɗaki ɗaya, ba babba ba. Firizar ta tsufa, Mai Ƙanƙara ba ta damu da barinta ba. Kujeru da labule duk ta san inda za su. Kwalayen nan ne suka tsaya mata a wuya. A duk zamansu mutumin nan bai taɓa roƙonta komai ba sai wannan, ga ranar tashi tana matsowa, ita kuma ba ta san abin da ya roƙa ba.

Ƙanin mijinta, direban babbar mota, shi ya fara yi mata fassara. Tsakaninsu akwai wasa tun tana amarya, shi ya sa ya shigo yana cewa matar Yaya ta tsufa har Hausa ta fara ɓace mata. Raba ai raba ce, in ji shi, a ba wannan a ba wancan, lada ya kai wa mamaci. Ta ce masa da a ce da Hausa ake tuƙi da tuni ya kai mota rami, amma maganar ta shige ta. Washegari ta jawo kwalayen da ke sama ta zauna a bakin ƙofa, duk wanda ya wuce ta miƙa masa. Matar mai wanki ta karɓa, mai kiosk ya karɓa, wani mai gadin makaranta ya karɓa yana tambaya ko na addu'a ne. Kowa ya yi wa Mai Gyara addu'a, ita kuma ta ji nauyi ya fara sauka.

Nauyin bai daɗe a ƙasa ba. Ta je kiosk sayen maganin sauro, mai kiosk ya naɗe mata shi a takarda, tana karɓa ta ga rabin fuskar Mai Haɓa yana kallonta da ido ɗaya. Ledar da aka raine shi a ciki kuwa an ɗaura gishiri da ita. Ta buɗe baki za ta wanke mai kiosk tas, sai ta tuna ita ta ba shi, da hannunta, har ta ce ya yi yadda yake so da shi. Ta rufe bakin. Mutanen layin sun daɗe suna labarin ranar da Mai Ƙanƙara ta shiga kiosk ta fito ba ta ce komai ba.

Sai mijin Auta, mutumin ofis mai duba komai a waya, ya aiko ta bakin matarsa cewa ba haka ake nufi ba. Raba a nan warewa ce, a ware masu daraja daga tarkace. Ya kawo wani mai sayen tsofaffin littattafai, siririn mutum mai tabarau, wanda ya wanke hannu kafin ya taɓa kwali, abin da ya ɗan burge ta. Mutumin ya yi ta zarowa yana duba lamba yana mayarwa, fuskarsa tana ƙara tsami. Ya ce jerin ya gutsure, na farko-farkon duk babu, kuma su ne abin nema. Da aka gaya masa inda suka tafi sai ya cire tabarau ya share, ya ce irin wannan kaya ba a raba shi, wanda ya raba ya yanke wa doki ƙafa. Zai ɗauki 'yan kaɗan, sauran a kai wa masu awon takarda.

Kanta ya ɗaure. Wanda ya tara ya ce a raba, wanda ya san kan abin ya ce ba a rabawa, ga shi kuma shi ma rabawar yake so ya yi. Ta ce ya je za ta neme shi.

Mai fassara na uku shi ne Mai Aski, aminin marigayi, tsoho mai rawar hannu da ya daɗe da ajiye almakashi. Ya zo da sandarsa ya ce shi ya san ma'anar, don rabin littattafan nan nasa ne. Tun suna samari suke musaya, ka ba ni in ba ka, har kaya ya cakuɗe. Abokinsa mutum ne mai amana, cewa ya yi a raba nasa da na Mai Aski. Mai Ƙanƙara ta ji daɗin wannan fassarar, ta ce to bismilla, ya ware nasa. Tsohon ya zauna a kan kwali, ya zaro ɗaya ya kai daf da hancinsa, ya ce wannan nasa ne, a'a, shi ya saya amma Mai Gyara ya biya, ko kuwa akasin haka ne. Ya zaro wani ya fara karantawa, ya yi dariya, ya share ido da hannun riga. Da rana ta yi sanyi bai ware ko ɗaya ba. Ya ce ko ya ware ma, ɗansa da yake zaune a wurinsa ba zai bari a shigar masa da takardu gida ba, saboda ɓeraye.

Ana cikin haka, Auta tana naɗe kofuna a tsumma, ta yi maganar kamar da kofunan take.

"Ni fa Inna, ba raba na ji ba. Raɓa na ji. Ki raɓa su a jikinki, kar ki rabu da su."

Mai Ƙanƙara ta zauna a inda take tsaye, sa'a akwai kwali a wurin.

"Kina ji na zauna a ƙofa ina rabon ubanki kamar alewa, ba ki ce komai ba?"

"Na fara faɗa, kika ce yara su yi shiru manya na magana."

Ta yi ƙoƙarin dawo da muryar a kunnenta. Ta ji raba. Ta sake saurare, ta ji raɓa. Mutum ba haƙora, ga roba a hanci, ga shi dama tun yana da lafiya maganarsa a cikin gemu take tsayawa. Sai dabara ta zo mata, irin dabarar wanda ya rasa tudun dafawa. Mai Aski ma haƙoran roba gare shi. Ta sa ya cire, ya toshe hanci da yatsu, ta ce ya faɗi kalmomin biyu yadda ya ga dama, su kuma su rufe ido su canka. Direba ya shigo daidai lokacin, aka sa shi cikin alƙalai. Tsohon ya faɗa. Direba ya rantse raba ce, Auta ta ce raɓa, mijinta da ke bakin ƙofa ya ce shi kamar laba ya ji. Aka tambayi Mai Aski wacce ya faɗa, ya mayar da haƙoransa ya ce wallahi dariyar Direba ta sa ya manta.

Ranar tashi Direba ya kawo motarsa. Aka je gidan Auta aka gwada ɗakin da igiya, aka ga ba zai ɗauki gado da kwalaye tare ba, sai ɗaya. Kowa ya tsaya yana jiranta. In ta bar su, wataƙila ta yar da abin da ya ce ta riƙe. In ta riƙe, wataƙila ta danne abin da ya ce ta bayar. Ta dubi gadon ƙarfen da ke kan mota, ta dubi kwalayen. Abin da ta iya ganewa ɗaya ne: wanda ta riƙe yau za ta iya bayarwa gobe, wanda ta bayar kuwa ta ga inda yake ƙarewa.

"Sauke kwalayen," ta ce wa Direba. "Gadon ka tafi da shi, rabonka ke nan, tunda kai ne malamin raba."

Aka jera kwalayen biyu-biyu a jikin bango, aka ɗora katako, aka shimfiɗa katifa a kai. Ya fi gadon tsawo, sai ta taka kujera 'yar tsugune take hawa. Mijin Auta ya leƙo, ya ga surukarsa a can sama kamar kaya a kan kanta, ya koma.

Da ta huta, ta zura hannu ta gefen katifa ta zaro ɗaya ta buɗe, karo na farko a rayuwarta. Ta bi hotunan da yatsa, gida-gida. Mai Haɓa yana gudu a kan gada, Baƙar Hula yana biye da shi, gadar tana karyewa. A shafin ƙarshe su biyun suna rataye a bakin karyayyen ƙarfe, kowa ya riƙe wuyan hannun ɗan'uwansa. Ta juya littafin sama, ta juya shi ƙasa, ba ta gane ba ko jawo shi yake ko tura shi yake. Ta kira Auta ta karanta mata kumfar. Auta ta ce ba komai a ciki sai ihu, sauran labarin yana lamba ta gaba. Suka duba kwalin, suka duba na kusa da shi, babu.

Mai Ƙanƙara ta sauko ta kujerar, ta nemi takalmanta. Auta ta tambaye ta ina za ta da gwiwar nan.

"Wurin mai gadin makaranta. Shi dai na san bai naɗe komai da nasa ba, tsoron alhaki yake."