Cikin Auta na Uku

Ita ce ta bakwai kuma ta ƙarshe a ɗakinsu, shi ya sa har ta kai shekara talatin da huɗu Auta ake ce mata, a gida da wajen aiki. A wata maɗaba'a take aiki, a ɗakin baya inda ake ninke takardu a ɗinke su su zama littafi. Yatsunta ba sa rabo da yankan takarda. Mijinta direban bas ne, mutum marar yawan magana.

Sau biyu tana yin ɓari. A na biyun aka yi mata wankin ciki, ta huta mako guda ta koma bakin aiki. Bayan wata biyu, wata safiya tana tsaye gaban injin yanka, jini ya ɓalle mata. Kafin abokiyar aikinta ta jawo kujera har ya sauka cikin takalminta. A motar kai kaya aka kai ta asibiti, tana kwance kan kwali.

Leda uku ta jini aka ƙara mata. Har an fara shirin sake wankin ciki, likitar mata ta ce a dakata a ɗauki hoto tukuna. Da ya fito, ta zo ta zauna a gefen gadon.

"Kin ga nan? Jijiyoyin jini ne suka harɗe a bangon mahaifarki. Da an sake taɓa wurin, da wuya jinin ya tsaya."

"To yanzu fa, likita?"

"Ko a cire mahaifar, ko a zura siririn bututu ta jijiyar cinyarki a toshe su."

"In an toshe, zan haihu?"

"Wasu suna haihuwa. Amma ba zan yi miki alkawari ba."

Yayarta mai 'ya'ya biyar ta ce a cire a huta. "Ki zaɓi wanda kike so cikin nawa, Auta. Na ukun nan ma, har da kayansa zan kawo miki, kuma ba na son a dawo min da shi."

Auta ta yi dariya, sannan ta ce a toshe.

Idonta biyu aka yi aikin, tana kallon jijiyoyinta a allo kamar saiwar bishiya, suna dusashewa ɗaya bayan ɗaya. Kwana uku ta yi tana murƙususun ciwon mara, aka sallame ta da sharaɗin kada ta ɗauki ciki sai an shekara. Al'adarta ta dawo a wata na biyu, 'yar kaɗan. Ta sayi ƙaramin littafi tana rubuta ranakun.

Shekara ta cika, aka ƙara wata biyar babu labari. A na shida ta yi gwajin ciki, layi biyu suka fito. Da ta nuna wa mijin, ya daɗe yana kallon abin, ya ce, "To." Daga ranar ba ta sake ɗaga bokiti a gidan ba. A wajen aiki ta roƙi a mayar da ita teburin duba shafuka, ta ce bayanta ke ciwo. Kowa ya gane, har mai injin bugawa ya riƙa tsokanarta wai wannan ciwon baya nata ta gaba yake fitowa.

Ba ta sayi ko safar jariri ba. Abin da ke jakarta kullum shi ne tawul a ninke da katin asibiti. Duk shigarta banɗaki sai ta duba.

A wata na bakwai likita ta ce mabiyiya ta zauna kusa da inda aka yi aikin, ana tsoron ta manne. Za a yi mata tiyata kafin naƙuda, a tanadi jini, kuma in nata ya ƙi tsayawa za a cire mahaifar a nan take. Auta ta karanta takardar layi-layi, yadda ta saba a aiki, har ta nuna musu inda aka yi kuskuren harafi. Sannan ta sa hannu.

Mace aka ciro, kilo biyu da ɗan ɗoriya, da kuka kamar na mage. Jini ya zuba fiye da yadda aka so, amma ya tsaya. Aka bar mata mahaifarta.

Yarinyar yanzu shekararta huɗu, ga surutu, kowa na mamakin inda ta gado shi. Dangin miji sun fara tambayar yaushe za a yi mata ƙani. Likita ta ce yana yiwuwa, haɗarin kuma yana nan yadda yake. Mijin ya ce jikinta ne, ita ta sani. Robar tazarar haihuwa da ke damtsenta wata mai zuwa wa'adinta zai cika, an kuma ba ta ranar zuwa. Yayarta ta tambaye ta ko sabuwa za a sa mata. Auta ta ce tukuna dai, bari ranar ta zo.