Kawu Direba da Maganin da Ba a Dakawa

Kawuna ya yi shekara da shekaru yana tuƙa motar ɗaukar yaran makaranta. Mutum ne mai jiki da son raha, idan ya yi dariya sai kujerar direba ta amsa. Abu ɗaya ke ba shi tsoro a duniya, haɗiyar ƙwayar magani. Tun yana yaro sai an daka masa.

Da ciwo ya kwantar da shi, aka yi masa aiki a ciki, likita ya ce jikinsa ya daina samar da isasshen sinadarin da ke narkar da abinci. Aka rubuta masa kafso, ya riƙa sha da kowane cin abinci. Kullum matarsa ta buɗe kafson, ta murƙushe 'yan ƙwayoyin ciki da bayan cokali, ta dama masa a ruwa. Yana ci yana ramewa, wando har ya koma zamewa. Ya ajiye tuƙi.

Wata rana na raka shi kantin magani. Matar da ke ba da magani ta dube shi da kyau, ta ce, "Baba, yaya kake shan wannan?"

Ya sunkuyar da kai. "'Yata, dakawa ake yi."

Ba ta yi dariya ba. Ta jawo masa kujera, ta buɗe kafso ɗaya a tafin hannunta. "Ka ga 'yan ƙwayoyin nan? Kowacce da rigarta. Sinadarin da ke ciki ba ya shiri da tsami, tumbi kuwa tsami ne zalla. In ya faɗa can tsirara, aikinsa ya yi sanyi, har ya lalace. Rigar ce ke raka shi hanji, inda tsamin ya ragu, can yake aiki da sauri."

"Ashe tuɓe shi muke yi!" in ji Kawu.

Ta kawo ruwa, ta koya masa ya sa kafson a baki, ya kurɓa, ya ɗan sunkuya, ya haɗiye. Sai a karo na uku kafson ya wuce, idonsa har da ƙwalla.

Kafin wata biyu kumatunsa suka ciko, ya koma bakin aiki. Ya kai wa mai ba da maganin buhun lemo, ta ɗauki guda ɗaya ta ce sauran na jikokinsa ne. Har yau in ya idar da salla, yakan sa ta a addu'a tare da iyayensa.