Dagin Yaya Zalika a Rigar Sarauniyar Arna

Shekara takwas ke nan da muka kai Yaya Zalika makwancinta a bayan garin Lyon. Ban taɓa rubuta komai a kanta ba, don ni ba gwanin kuka a jarida ba ne. Bana ma 'yarta Nafisa ce ta tsare ni da tambayar da na daɗe ina kauce wa.

Yaya tela ce, 'yar Damagaram, mai ɗan shago a unguwar Guillotière ta Lyon, tsakanin mai busasshen kifi da wani Balarabe mai nama. Wata shekara wani kamfanin Paris mai haɗa tufafin 'yan fim ya kawo mata aiki: rigar wata sarauniyar arna ta mutanen Silab, can gabashin Turai, wadda aka ce tana duba, tana hira da itatuwa, tun addini bai iso musu ba. Aikin hannu suke so a bakin rigar, ba na inji ba. Zanen da suka aiko bai ishi faɗinta ba, sai Yaya ta cike gurbin da dagin da Inna ke yi mana a rigar matashin kai. Ba wanda ya tanka.

Ni kuwa a lokacin ɗalibi ne, karatu na hayaƙi a kaina. Na ce mata Musulma ba ta yi wa masu bautar gumaka ado. Da a shago kawai na faɗa, da sauƙi. A gaban mata na maimaita, ranar wani suna a unguwar Minguettes. Ta ce, "Isufu, riga na ɗinka, ban yi sujada ba." Amma magana zarar bunu ce. Washegari ta kira Paris, ta roƙi kada a sa sunanta. Da fim ya fito ta sayo tikiti biyu, na ce ina da jarrabawa. Ita ma ba ta je ba.

Yanzu ina ganin samarin gabashin Turai a intanet suna zana dagin Inna a damtsensu, wai alamar kakanninsu ce. Da tana raye na san ba za ta yi fushi ba. Gyara tabarau za ta yi, ta ce sun karkata ƙullin hagu, hannunsu bai faɗa ba.

Nafisa tana koyon zanen tufafi a Paris. Ta gaya wa ƙawayenta uwarta ta yi aiki a fim ɗin, suka bi sunayen ƙarshen fim kaf, babu ita. Ta hau jirgin ƙasa ta same ni. "Kawu, mi ya sa babu sunan Mama? Ko ƙarya aka yi min?" Na gaya mata gaskiya, ban rage wa kaina komai ba. Ta kunna fim ɗin. Muka zauna muka kalla, karona na farko. Da sarauniyar ta hau dutse iska ta ɗaga rigar, Nafisa ta tsayar da hoton, ta ɗauko matashin da nake jingine da shi, mai dagin Inna, ta kara a gefen talabijin.

Shagon ya zama wurin gyaran waya, matan da na yi wa wa'azi sun manta da zancen, zaren Yaya kuwa bai warware ba. Na ji kunya, har yau ina ji. Sunan da na sa aka cire ba zan iya mayar da shi a fim ba, sai a nan: Zalika Mahamman ce ta ɗinka rigar. Allah ya jiƙanta.