Taku Ɗaya Gaba

Ina shekara ta shida da fara koyarwa a wata ƙaramar sakandaren 'yan mata a Ajingi aka tura ni bitar kwana uku a Kano. Wai za a koya mana yadda za mu raini ɗalibanmu su zama masu kishin al'ummar duniya baki ɗaya, su san haƙƙin ɗan'adam da adalci da tausayin juna. Ban ƙi ba. Na ci shinkafa, na sha iskar fanka, na dawo da wani littafi mai kauri cike da hotunan yara suna dariya.

A cikin littafin akwai wani wasa. Za a jera yara a layi, malami ya riƙa karanto tambayoyi: wadda ta karya kumallo yau ta yi taku ɗaya gaba, wadda ake ɗora tukunya sau uku a gidansu ta ƙara, mai takalmi fiye da ɗaya ita ma ta ƙara. A ƙarshe kowa ya waiwaya ya ga tazarar da ke tsakaninsa da ɗan'uwansa, sai tausayi ya shige shi. Haka dai littafin ya ce. Tun a wurin bitar na ɗaga hannu na ce anya wannan zai yiwu a wajenmu? Mai koyar da mu ya ce an yi shi a ƙasashe da yawa, bai ga abin da zai sa ya gagari Ajingi ba. Na sauke hannuna na ƙyale shi, kuma har yau haushin hakan nake ji.

Bayan sati biyu sai ga mai koyar da mu ɗin nan ya zo makarantarmu da kansa, riƙe da waya don ɗaukar hoton rahoto. Tsakiyar damina ce, rumbuna sun yi ƙasa, gero bai nuna ba. Na jera 'yan aji biyu a jikin katanga na fara karantowa. Tambayar farko, duk ajin suka taka. Ta biyu ma haka. Har wadda na san silifas ɗin yayarta take sakowa ta taka da aka zo kan takalmi. Suka isa ƙarshen fili a jere kamar masu fareti.

Baƙon ya ɓata rai, ya ce yaran ba su gane ba. Sun gane sarai. Wace 'yar mutunci ce za ta tsaya gaban sa'o'inta ta sanar cewa ba a hura wuta a gidansu ba? Na san wannan, a cikinsa aka haife ni. Amma kunyar baƙo ta rufe mini ido, na mayar da su jikin katanga na ɗaga murya.

"Ku ji tsoron Allah, kowa ta faɗi gaskiya. Yana ganinku."

Akwai wata yarinya 'yar Toranke, ita ce ta ɗaya a lissafi, mahaifinta malami ne mai karantar da allo a zaurensa. A gidansu ba a ambaton sunan Allah a wuce. Da na sake karanto tambayar kumallo kowa ya taka, ita ta tsaya. Ƙawarta ta ja mata hijabi, ta ƙi motsi. Tambaya bakwai, taku ɗaya ta yi. Sannan aka zo inda littafi ya ce a waiwaya, suka waiwaya. Baƙon ya ce yauwa, yanzu darasi ya fito, ya ɗaga waya.

Washegari ba ta zo ba. Sati ya zagayo wurin zamanta a benci yana nan wayam, ga jarrabawa ta matso. Na aika cewa ina tafe, ranar Asabar na hau babur zuwa Toranke. Mahaifinta ya amsa gaisuwata a zaure da fara'ar da ta fi zagi ciwo, ya ce in shiga daga ciki.

Uwar ta shimfiɗa mini sabuwar tabarma. Na ba da haƙuri, na ce laifina ne, na roƙe ta ta bar yarinyar ta dawo ko don jarrabawa. Ta bari sai da na gama.

"Malama, tunda aka kawo ni gidan nan, ko maƙwabciyata ba ta taɓa sanin ranar da ban ɗora tukunya ba. Ke kika sa aka sani a filin makaranta, a gaban baƙo."

Ta ce sun yanke shawara, yarinyar za ta koma wurin goggonta a Gaya ta ƙarasa karatun a can, inda ba a san ta ba. Sannan ta buɗe kwanon da ke gabana. Tuwon dawa ne da miyar kuka, da kaza guda sukutum a kai. Na dubi tsakar gidan, ban ga wata kazar tana yawo ba.

"Bismillah," in ji ta. "Ki ci, in kin koma ki gaya musu."

Na ci, don ƙin ci zai zama wani cin mutuncin. Yarinyar ce ta zuba mini ruwan wanke hannu, kuma har na miƙe ba ta ɗago ta dube ni ba.