Katin Likitan Haƙori Da Na Ɓoye

Shekarar da ruwa ya cinye mana gero a Dandin Mahe, ita ce shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina da shekara arba'in da bakwai. A lokacin manomin albasa ne ni, ga cin goro. Turmin haƙorina na sama ya ruɓe har ina kasa tauna tuwo, sai ƙanena ya kai ni asibiti a Sakkwato.

Likita ta ce ba sai an cire ba. Za a huda shi a fitar da jijiyar da ta ruɓe, a wanke, a cike, amma sai na zo sau uku. An yi mini allura baki ya mutu. Ban ji zafi ba, sai ƙarar inji a cikin kaina da wasu siraran allurai da nake gani suna shiga suna fita. Na riƙe kujera ina salati a zuci. Ta toshe ramin, ta ce wannan ciko na wucin gadi ne, kada in tauna abu mai tauri, ta ba ni kati da ranar komawa.

A kasuwar Shagari wani dattijo da nake girmamawa ya ce mini jijiyar haƙorin sama da ta ido ɗaya ce, in aka ci gaba da tonawa zan makance. Ni da na fara gane haruffa, a ce ido ya tafi! Da kaina na karanta ranar da ke kan katin, na cusa shi ƙarƙashin tabarma, na ce wa ƙanena an gama. Ciwo kuwa ya daina.

Bayan wata biyu, ina dashen albasa na ciji goro, haƙorin ya tsage. Cikin kwana uku kumburi ya haye kunci ya rufe mini idon hagu. Na tabbata makantar ce ta zo. Da ƙanena ya mayar da ni asibiti, likita ba ta yi faɗa ba. Ta ce aikin bai taɓa barazana ga idona ba, ruɓar da na bari ce ta kusa kaiwa can.

Wanda duk aka fara wa wannan aiki, ya koma, ko ciwo ya daina. In yana tsoro, ya faɗa wa likita, ba mutanen kasuwa ba. Ido dai Allah ya bar mini. Amma na rasa haƙorin, da fangali goma sha biyu na albasa da suka bushe ina kwance, da mako shida na aji.