Murfin Laftof ɗin Malama Rabi

Har yau ban manta da ranar da aka tura ni Tsanyawa in karɓe laftof daga hannun Malama Rabi ba. Lokacin ina jami'in gyaran na'urori a wata ƙungiya mai yi wa manoma rajista kafin rabon iri, ofishinmu kuma yana Kano. Ƙa'idarmu ita ce, idan ma'aikaci ya kawo ƙorafi sai a gwada na'urarsa. In an same ta lafiya, laifi ya koma kansa.

Malama Rabi ce mai shigar da sunayen manoma a can. Ta sha aiko da laftof ɗinta, wai kibod, wato madannan rubutu, na ɗaukewa tana tsakar aiki, dole ta kashe ta kunna, abin da ta shigar ya bi ruwa. Mu kuwa in mun gwada a Kano, na'ura ko tari ba ta yi. Shugaban sashenmu, Injiniya Sabo, ba ya da dogon haƙuri. Ya ce, "Kai Nura, je ka karɓo mana kayanmu. Matar nan ba ta iya ba ne, wani za a sa."

Na isa da hantsi, ana dab da faɗuwar damina, na tarar manoma sun yi layi har bakin hanya. Na ji nauyin karɓe mata kayan aiki a gaban jama'a, sai na sami benci na zauna ina kallo. Hannunta yana da sauri, ban ga alamar rashin iyawa ba.

Can sai wani dattijo ya yi sallama. Nan take ta sauke murfin laftof ɗin, ta rusuna, aka shiga gaisuwa: ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya mai jiki. Da aka gama ta ɗaga murfi, ta danna kibod, shiru.

Na ce, "Malama, kullum haka kike rufewa?"

Ta ce, "To Malam Nura, sa'an babana zai shigo ina leƙen allo? Ai sai a ce ba a yi mini tarbiyya ba."

Ga waɗanda ba 'yan sana'a ba, rufe murfi yakan sa laftof barci. Manhajarmu Linux ce, a cikinta kuma akwai abin da ake kira kanel, shi ke ba kowane sashe na na'ura umarni. A irin wannan laftof, idan ta farka, kanel ba ya tashin ɗan abin da ke kula da kibod. A ofishin Kano ba mai rufe murfi, don gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu, ido na kan allo.

Ban kwance ko noti ɗaya ba. Na buɗe saitin da kanel ke karantawa yayin kunnawa, na ƙara umarni guda cewa duk farkawa ya sake tashin kibod, na kashe na kunna. Dattijo na gaba ya shigo, ta rufe, suka gaisa, ta buɗe, rubutu ya ci gaba. Ta yi hamdala, ta kira mai bi masa.

Na buga wa Injiniya waya na yi masa bayani. Ya ce, "Duk wannan wahalar ta mece ce? Da ka ce ta daina rufewa mana."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in ta daina, dattawan nan su ma za su daina zuwa."

Sai ya ce in bar mata kayanta.

Raina ya ɗan sosu a hanyar komawa, ganin saura ƙiris a raba mace da abincinta saboda ladabi. Shi ya sa nake gaya muku, ku masu tasowa a wannan sana'a, kada ku yanke wa ma'aikaci hukunci a kan teburin gwaji. Ku je ku zauna inda yake aiki tukuna, ku ga wa yake rusuna wa.