Ƙulli Biyun da Illa Ya Ƙi Yi

Da sunan Allah muke farawa, wanda ya halicci ɗan Adam ya girmama shi, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, wanga rubutu shaida ne a kan Illa Mai Jakkai na Buza, da ya aje aiki bana bayan shekara talatin da 'yan kai yana kwashe wa mutane kaya in za su ƙaura.

Duk wanda ya zauna kusa da kasuwar Buza ya san safiyarsa. In an sallame Asuba ba ya tsayawa hira. Jakkai yake fara gaidawa, ya shafa bayan kowane, in ya ji gyambo ya ce yau wannan hutu gare shi. Sannan ya zauna da mutanensa su sha fura ƙwarya ɗaya. Kayan da za a aza wa mutum a kai sai ya fara jinjina shi da kansa, in ya yi masa nauyi a rage. Lada kuwa a hannun wanda ya yi zufa yake sa ta, ko da wani ya zo ya ce shi ne ubangidansa.

Illa bai iya rubutu ba, amma yana da igiya. Ranar tashi, mai gida zai tsaya gaban shaidu ya ambaci kayansa ɗaya bayan ɗaya, turmi, akwati, tukunya, buhun hatsi, Illa na ƙulla wa kowane ƙulli guda. Abin da ya shiga igiya ya zama amana a wuyansa har ya kai shi, a kwance ƙullin gaban mai shi. Daga Madawa har Keita ba a taɓa jin ƙulli ya yi saura ba.

Shekara tara da sunka wuce, bayan damina marar albarka, wani mai dukiya da ke zaune Garhanga ya kira shi zai koma Madawa. Ba zan ambaci sunansa ba, don ya riga mu gidan gaskiya. Aiki ne na jaki ashirin, kuma jakkan Illa sun rame, rumbunsa ya kusa ƙasa. An kira ni in yi addu'ar tafiya, saboda haka abin da zan faɗa a gabana anka yi shi.

An yi ƙulli arba'in da ɗaya. Sai mai gida ya nuna wani mutum da ke ɗaure tabarmi, Alƙasim, da matarsa Jima, ya ce: “Ƙara biyu. Kakansu bawan kakana ne. Ka sa musu ido a hanya, kada su sulale.”

Illa ya dubi igiya, ya dubi mutanen. Ya ce: “Ranka shi daɗe, turmi na ƙulla, don turmi ba shi da baki. Waɗanga suna da shi.” Ya juya ya ce: “Alƙasim, kana son zuwa Madawa?”

Alƙasim ya waiga bayansa, yana zaton da wani ake. Da ya gane shi ake nufi sai dariya ta kama shi, irin ta wanda bai san abin da zai yi da fuskarsa ba. Jima ce ta amsa: “Baba Illa, mi za mu yi Madawa? Ga gonarmu nan, mun tsince duwatsunta da hannunmu. Ga kushewar uwata.”

Mai gida ya fusata. Ya ce: “Kai, mai jakkai! Kaya na kira ka ka ɗauka ko shari'a? In ba ka ƙulla ba, kwance duka. Kuma in anka zo ɗibar mutane aikin dole, zan tuna da sunayen mutanenka.”

Wanda bai ga wancan zamani ba ba zai san nauyin wagga magana ba. A lokacin gardi, ɗan sandan Nasara, kan zo gari ya tafi da maza aikin hanya wata da watanni, wasu ba su komo ba. Illa bai yanke shi kaɗai ba. Ya ja mutanensa gefe ya tambaye su, tunda wuyansu ne. Babbansu, Mato, ya ce wa Illa: “Kwance, maigida. In mun koro mutum yau da sanda awa jaki, gobe wa za a kora?” Illa ya zauna ya kwance ƙulli arba'in da ɗaya, bai yi gaggawa ba, ya kaɗa jakkansa ba kaya.

Kai ne, Illa, ka koma gida ran nan ba ko tamma a aljihu, ka iske Hamsatu matarka na jiran abin da za ta daka. Kai ne ka sayar da jaka mai ciki don kada mutanenka su kwana da yunwa. Ba ka yi karatu mai zurfi ba, amma abin da malamai sunka daɗe suna faɗa a zaure, cewa ɗa ba ya zama dukiya don an fi ƙarfin kakansa, kai ka faɗe shi a tsakar gida gaban mai iko.

Sauran kuwa Allah ya yi shi da dariya. Labari ya riga Illa isa kasuwa. Duk mai jakkan da mai gida ya aika wa, sai mata su tare shi bakin rijiya suna miƙa hannu: “Ƙulla ni, malam, ni ma kaya ce! Nawa kake ɗaukar tsohuwa?” Ba wanda ya iya jure wannan. Kai ƙara wurin kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasar, kuma ba ta yiwuwa, don ko a takardar Nasara bauta haramun ce. Kaya sunka kwana tara a waje, awaki na cin tabarmi. Ran na goma mai gida ya aiko a kira Illa. An yi ƙulli arba'in, don tabarma ɗaya ta riga ta shige cikin awaki. Alƙasim ya taya su aza kaya, Illa ya biya shi ladar yini, da sunka tashi Alƙasim ya tsaya bakin gonarsa yana ɗaga musu hannu.

Ba zan ɓoye ba, barazanar ba ta faɗi ƙasa ba. Da rani anka ɗauki Mato aikin hanya wata huɗu. Illa ya riƙe iyalin Mato, Alƙasim kuma ya zo da ƙafarsa ya ce zai riƙe jakkan Mato har ya komo. Mato ya komo lafiya, Alƙasim kuwa bai bar aiki wurin Illa ba. Bara, da anka yi shelar an soke aikin dole, su biyun ne sunka fi kowa rawa a kasuwar Buza, Mato har rawaninsa ya warware.

Yanzu gwiwoyin Illa sun gaji, ya miƙa igiya ga Alƙasim da yardar sauran. Ranar miƙawa Jima ta zo da ƙwaryar fura ta ce: “Baba Illa, yau kai za mu tambaya. Kana son ka huta, ko 'ya'yanka ne sunka tilasta ka?” Ya ce: “Ɗiyata, gwiwa ce, kuma ita ba ta shawara da kowa.”

Mun gode, Illa, mai sauƙaƙa kaya. Ku kuma masu raƙuma, masu gonaki, da masu kamyon, motocin kayan da sunka fara shigowa ƙasarmu, kowanenku na da wani a ƙarƙashinsa. Ku tambaye shi ko da son ransa ya zo, ku tsaya ku ji amsa, ku sa hakkinsa a tafin hannunsa. Allah ya ba Illa lafiya da tsawon rai, ya sa ranar da kowa zai ɗauki kayansa shi kaɗai, nasa ya zo masa da sauƙi. Amin.